Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin Da Guguwar Dusar Ƙanƙara Ta Yi Wa Birnin Buffalo

 Yau shirinmu na faɗakarwa zai yi dogon zango, zai leƙa ƙasashen da ruwan sama ke saukowa fari fat kamar audugar da aka shiɓa, ya kwanta a ƙasa bai gudana ba, ya yi ta taruwa har ya toshe ƙofar gida. Dusar ƙanƙara ke nan. Wani da ke zaune a Kano ko Damagaram zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Sai dai gidaje da yawa a yau suna da ɗa ko 'ya da ke karatu a Kanada, ko ƙane da ke tuƙin tasi a New York, ko 'yar'uwa da ke aikin jinya a can. Ga shi kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe mutane a waɗancan ƙasashe lokacin sanyi, shi ne yake kashe su a nan cikin hunturu.

Buffalo birni ne a yammacin jihar New York ta Amurka, dab da iyakar Kanada, mai mutane kusan dubu 280. Yana zaune ne a bakin gabas na tafkin Erie, wani makeken ruwa mai tsawon kilomita kusan 390. Wannan tafki shi ne arzikin garin tun kafuwarsa, shi ne kuma masifarsa idan sanyi ya shigo. A farkon lokacin sanyi ruwan bai riga ya daskare ba, yana riƙe da ɗumin da ya tara tun bazara. Idan iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga arewacin Kanada ta bi ta kansa, sai ta kwashi tururi ta cika da danshi, tana hawa tudu sai ta juye shi a matsayin dusar ƙanƙara. In aka yi rashin sa'a iskar ta miƙe daidai da tsawon tafkin, daga kudu maso yamma, to Buffalo ce a bakin tulun. Abin mamaki, zubar kan zo ne a siririn layi: wata unguwa ta nutse, wata mai nisan kilomita 15 rana na haskawa.

Mutanen garin sun saba, har alfahari suke yi da juriyarsu. Tsofaffinsu suna ba da labarin guguwar ƙarshen Janairun 1977 da ta kashe sama da mutum 20 a yankin. A tsakiyar Nuwamban 2022 ma, dusar da ta zuba a garin Orchard Park da ke kudu da birnin ta kai kimanin mita biyu, har aka ɗauke wasan ƙwallon ƙungiyar Buffalo Bills aka kai shi Detroit. Mutane suka share, suka koma harkokinsu. Wata guda bayan haka, da masu hasashen yanayi suka fara kururuwa, kunnuwa da yawa sun ɗauka irin ta jiya ce.

Hasashen kuwa bai yi kuskure ba. Tun farkon makon hukumar yanayi ta Amurka take cewa abin da ke tafe irin wanda mutum kan gani sau ɗaya ne a zamaninsa. A tsarin hukumar, gargaɗi hawa-hawa ne. Akwai na a zauna cikin shiri, wanda kan fito kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin lokacin, akwai kuma na cewa abu ya iso ko yana bakin ƙofa. Ba kowace zubar dusa ake kira guguwa ba. Sai iska ta kai gudun kilomita 56 a sa'a, ido ya kasa ganin abin da ya wuce mita 400, kuma a ɗauki aƙalla sa'a uku a haka. Wadda ta faɗa wa Buffalo ta yi sa'a 37.

Da asubahin Juma'a 23 ga Disamba, 2022, ruwan sama ake yi, garin ba wani sanyi na a-zo-a-gani. An rufe makarantu, gwamnar jihar Kathy Hochul ta riga ta ayyana dokar ta-ɓaci, amma hanyoyi a buɗe suke. Saura kwana biyu Kirsimeti, ranar biyan albashi ce ga ma'aikata da dama, shaguna cike da masu cefane. Hantsi bai gama dubawa ba iska ta juya, ruwan da ke kan kwalta ya daskare, sama ta rufe. Ƙarfe tara da rabi na safe shugaban gundumar Erie, Mark Poloncarz, ya sa dokar hana tuƙi ta fara aiki. Ya ce ya jinkirta ne don masu aikin dare su samu su isa gida, daga baya kuma ya ɗauki alhakin wannan jinkiri. Lokacin da dokar ta fara, dubban mutane sun riga sun bar gidajensu.

Wanda ya taɓa tsintar kansa a daji cikin hadarin ƙura, irin wanda ke tasowa ja wur gabanin ruwan farko har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa, zai fahimci rabin abin. Sauran rabin shi ne ƙurar nan fara ce, ƙasa fara, sama fara, babu gabas babu yamma, kuma iskar da ke kaɗa ta tana haura kilomita 110 a sa'a da sanyin da ke daskarar da fatar fuska cikin mintoci. Motoci suka kafe a tsakiyar titi, suka tare wa motocin share hanya wuri. Motocin asibiti da na kwana-kwana da na 'yan sanda suka fita ceto, su ma suka maƙale, har masu ceton suka koma neman mai ceto. Dusa ta kutsa cikin wasu tashoshin rarraba wutar lantarki ta daskare a kan na'urori, dubban gidaje suka shiga duhu da sanyi. Kafin abin ya lafa, an auna dusar da ta haura ƙafa huɗu a filin jirgin saman birnin. Ba a janye dokar hana tuƙi a cikin Buffalo ba sai ranar Alhamis 29 ga wata.

Mutum 47 suka rasu a yankin. Yadda suka rasu shi ne abin da ya kamata a tsaya a kai. An tsinci wasu a waje, dusa ta binne su, wasunsu kusa da gida. An sami wasu a cikin motocinsu, ciki har da wata budurwa 'yar shekara 22 da ta taso daga aiki, ta yi ta aika wa 'yan'uwanta hoton bidiyo na yadda dusa ke rufe gilashin motarta. Wasu a cikin ɗakunansu sanyi ya gama da su. Wasu zuciya ce ta buga suna tsakar kwasar dusa da shebur. Wasu kuma rashin lafiya ce ta taso, aka kira motar asibiti, ba ta da hanyar zuwa. Akwai wani matashi ɗan gudun hijira daga Kwango, matarsa na da tsohon ciki, ya fita sayayya bai dawo ba. Allah Ya ji ƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri.

Yana da sauƙi a ce me ya fitar da su, alhali da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma adalci shi ne a dubi halin da suke ciki. Mafi yawan waɗanda suka rasu a cikin birnin baƙar fata ne, kuma unguwannin gabashin Buffalo, inda talauci ya fi katutu, su suka fi jin jiki. Gidajen can tsofaffi ne, iska na shiga ta ko'ina, manyan shagunan abinci ba su da yawa. Ma'aikacin da ake biya a kan sa'o'in da ya yi, idan bai je ba babu kuɗi, wataƙila ma babu aikin. Mai jiran albashin Juma'a ba ya iya tara abincin mako tun Laraba. Don haka shiri nauyi ne da ke kan mutum, yana kuma kan mai kamfanin da ya ƙi sallamar ma'aikata da wuri, da hukumar da ta yi nawar rufe hanya.

To wane shiri ne yake hannun magidanci? Hukumomin agaji a Amurka da Kanada sun daɗe suna cewa kowane gida ya iya riƙe kansa aƙalla kwana uku ba tare da wuta ko kasuwa ko taimakon kowa ba. Buffalo ta nuna kwana ukun ma na iya yin kaɗan. Ruwan sha kusan lita huɗu ga kowane mutum a rana, domin bututun ruwa na daskarewa ya fashe. Abincin da ba ya bukatar girki, irin su burodi da abincin gwangwani da gyaɗa da dabino, kuma Bahaushen da ya tafi da ƙuli-ƙuli da garin rogo a jaka ya fi maƙwabtansa sanin amfaninsu a irin wannan rana. Tocila da batura, rediyo mai batir, waya a cike da caji. Abin da aka fi mantawa shi ne magani: mai ciwon suga, mai hawan jini, mai wankin ƙoda, mai shaƙar iska ta na'urar da ke aiki da lantarki, duk sai an yi musu lissafi tun sama tana garau, haka madarar jariri. Idan wuta ta ɗauke, iyali su tattaru a ɗaki guda, a rufe sauran, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a rataya bargo a taga, a bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan don ruwan cikin bututu kada ya tsaya ya daskare.

Wurin neman ɗumi ne aka fi yin asarar rai ta ganganci da rashin sani. Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne ko itace ko kananzir ko fetur ko gas, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. A garin Lockport da ke arewa da Buffalo, dusa ce ta toshe bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama gida, gubar ta dawo ciki ta kashe wani saurayi. A watan Fabrairun 2021, da sanyi ya durƙusar da wutar lantarkin jihar Texas, gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan huɗu suka rasa wuta, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, kuma sama da mutum 1,400 aka kai asibiti saboda wannan guba. A Houston, birnin da 'yan Najeriya suke da yawa, wata uwa da 'yarta sun rasu bayan an bar mota a kunne cikin garejin da ke manne da gida don a sami ɗumi. A Murree ta ƙasar Pakistan, cikin Janairun 2022, masu yawon buɗe ido da suka je kallon dusa suka maƙale a hanya, sama da mutum 20 suka mutu cikin motocinsu, da dama daga cikinsu gilasai a rufe, inji a kunne.

Wannan bala'i ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kaskon rushi da ake shigarwa ɗaki a daren hunturu a ja ƙofa a toshe taga, da janareto da ake kunnawa a soro ko a lungun ɗaki don gudun ɓarayi, gubarsu ɗaya ce da wadda ta kashe mutanen Texas. Sau nawa aka wayi gari da labarin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba, a yi ta zargin abinci ko sammu, alhali hayaƙi ne? Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina. Janareto a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga da kimanin mita shida. Gawayi ba ya kwana a rufaffen ɗaki. Murhun gas na girki ba abin ɗumama ɗaki ba ne. A ƙasashen sanyi ana sayar da 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji gubar, kuɗinta bai kai na takalmi ba, duk mai ɗa a can ya tambaye shi ko akwai ta a ɗakinsa.

Hita ta lantarki ma tana da nata haɗarin. Ranar 9 ga Janairu, 2022, wata hita ta haddasa gobara a wani dogon bene a unguwar Bronx ta birnin New York. Ƙofar da ya kamata ta rufe kanta ta tsaya a buɗe, hayaƙi ya cika benen, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, akasarinsu musulmi 'yan asalin Gambiya.

Sai batun mota. Kafin guguwa a cika tanki, a ajiye bargo da ruwa da ɗan abinci da ƙaramin shebur a ciki. Idan ta riga ta kama mutum a hanya, kuma babu gini a kusa da yake gani da idonsa, zamansa cikin motar ya fi masa fita, domin a cikin farin duhun nan mutum kan ɓace tsakanin motarsa da bakin titi. Ya ɗaura ƙyalle mai launi a jikinta don masu ceto, ya kunna inji kamar minti goma a kowace sa'a, ya sassauta gilashi kaɗan, kuma kafin kowane kunnawa ya tabbatar dusa ba ta toshe salansa ba. Wannan dubawa ta minti ɗaya ita ce tsakanin rai da mutuwa ga mutane da yawa.

Sutura kuwa, riguna uku marasa kauri sun fi ƙatuwa ɗaya, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. Auduga, wadda ita ce abokiyar zafin ƙasarmu, maƙiyiya ce a can, don in ta jiƙe da gumi ba ta saurin bushewa, sai ta yi ta zuƙe zafin jiki. Ulu ya fi. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum kan yi ta karkarwa, harshensa ya yi nauyi, tunaninsa ya rikice, kuma idan karkarwar ta tsaya alhali yana cikin sanyi, abin ya ƙara muni ne. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya da ciki, a nemi likita. Yatsun da suka yi fari suka mutu ba a murza su, ba a gasa su a wuta, ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa su a ciki. Dattijo ko mai ciwon zuciya kuma ya bar wa matasa shebur. Jiƙaƙƙiyar dusa nauyi gare ta, sanyi na tsuke jijiyoyin jini, haɗuwarsu kan kayar da wanda ke ganin kansa garau.

A kwanakin guguwar Buffalo da hukuma ta kasa motsi, maƙwabta ne suka riƙe garin. Wasu masu yawon buɗe ido daga Koriya ta Kudu, a hanyarsu ta zuwa kallon magangarar ruwan Niagara, motarsu ta kafe a garin Williamsville da ke kusa da Buffalo. Suka ƙwanƙwasa wani gida neman aron shebur, mai gidan da matarsa suka shigar da su su goma, suka kwana biyu tare suna girki. A garin Cheektowaga da ke kusa da birnin, wani mutum da ya kwana cikin mota, bayan ya bi gidaje ana ƙin buɗe masa, ya fasa tagar wata makaranta ya shiga, sannan ya koma ya yi ta kwaso waɗanda suka maƙale, sama da mutum 20. Da zai tafi ya bar takardar ban haƙuri, 'yan sanda kuwa yabonsa suka yi. Masu baburan da ke tafiya kan dusa suka riƙa bin kiran neman taimako da ake sawa a Facebook, suna kai magani da madarar jarirai. Labarin mutumin makarantar yana da ɗaci a cikinsa, domin ƙofofin da aka ƙi buɗewa a wannan dare suna iya zama ajalin wani. Baƙo kuwa, wanda aka ce ko da ido makaho ne, shi ya fi kowa bukatar a ƙwanƙwasa masa tun kafin iska ta taso. Ɗalibin da ya sauka a watan Satumba bai taɓa ganin dusa ba, bai san bambancin gargaɗin farko da na biyu ba, wataƙila ma bai mallaki takalmin da ya dace ba. Masallatai da ƙungiyoyin 'yan gida da ke can su ne suka fi kusa da shi.

Bayan an binne matattu, magajin garin Buffalo na lokacin, Byron Brown, ya nemi masana daga Jami'ar New York su binciki abin da ya faru. Rahotonsu da ya fito a tsakiyar 2023 ya ce saƙonnin da aka aika wa jama'a ba su fito fili sun nuna cewa fita na iya zama mutuwa ba, mutane ƙalilan ne suka yi rajistar samun gargaɗin birnin ta waya, wuraren fakewa masu ɗumi sun yi kaɗan, kayan aikin ceto kuma ba su dace da irin wannan rana ba. Birnin ya ɗauki jami'i na musamman mai kula da agajin gaggawa, aka sayo motocin da ke iya ratsa dusa.

A tsakiyar Janairun 2024 tafkin Erie ya sake tasowa. Wannan karon an sanar da dokar hana tuƙi tun da rana, sa'o'i kafin ta fara aiki da ƙarfe tara na daren Asabar 13 ga wata, aka kuma ɗage babban wasan Buffalo Bills da Pittsburgh Steelers daga Lahadi zuwa Litinin, duk da dubban mutanen da suka riga suka sayi tikiti. Da guguwar ta iso cikin dare, ta tarar da titunan kusan babu kowa sai motocin share hanya.